Tunkuyin Bijimi

A tashar Rogo, ana jiran motar Karaye ta cika, wata dattijuwa ta dubi makiyayin da ke zaune kusa da ita.

"Sannu ɗan nan. Tun ɗazu kana dafe da ƙirji, lafiya kuwa?"

"Da sauƙi, Iya. Bijimina ne ya tunkuye ni da kaka. Haƙarƙarin ya warke, amma zuciyar sai dukan uku-uku take. Malamin asibiti ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya ce jinina ya hau."

"Ka bar gishiri?"

"Na bari, har goro. Ƙaho ma an yi mini."

"Yanzu ma bugawar take yi?"

"Yanzu lafiya lau. Sai in na doshi turke da safe, ya ɗago kai ya dube ni."

"To ka kai shi kara ranar kasuwa ka sayar mana."

"Haba Iya. Yana ɗan maraƙi uwarsa ta mutu, da hannuna na shayar da shi."

"Ka faɗa wa malamin asibitin duk wannan?"

"Ni Bafillace, in buɗe baki in ce ina tsoron bijimina?"

"Ga shi ni ka faɗa mini, ban ma ɗaura maka komai a dantse ba."