Rabin Ƙwayar Mama

Ina gaishe ku, iyayena da 'yan'uwa, a cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Rifkatu, ina sakandare a nan Kaura Namoda. Ban iya magana gaban jama'a ba, shi ya sa na rubuto.

Tun da 'yan bindiga suka kashe Babanmu a hanyar Zurmi, barci ya ƙaurace wa Mama. Takan wayi gari idanu jajur, ta zuba gishiri a koko maimakon sukari. A asibiti likita ya rubuta mata maganin barci, ƙwaya ɗaya, ta riƙa sha a gida, ta dawo ya duba ta. Ba mu koma ba. Da ɗaya ta daina yi mata aiki, sai ta ƙara da kanta, tana saye a kemis. Maganarta ta yi nauyi. Tuwo yakan ƙone tana zaune a gabansa. Na lura ta bar rera waƙa in tana tankaɗe.

Wata Lahadi aka yi wa'azi a kan bangaskiya. Muna dawowa Mama ta juye ƙwayoyin duka a masai. Ta ce, "Daga yau Yesu ne maganina." Har murna na yi.

Ba a jima ba hannunta ya soma rawa, ina jin cokali na buga kwano. Sai gumi, sai amai. Ran nan da rana tsaka ta faɗi a tsakar gida tana shure-shure, ta ciji harshenta, jini ya ɓata mata riga. Na durƙusa, abin da bakina ya iya faɗa kawai shi ne, "Yesu, ba ni da Baba, ka bar mini Mama."

Ban rufe baki ba sai ga maƙwabciyarmu, Inna Balki, hannunta duk ƙullu. Ta ce, "Ke ɗiya, mi kike jira? Ɗauko zanenta, na aika a kira mai keke."

Da Mama ta farfaɗo a asibiti, likita ya ce, "Wannan maganin ba a yanke shi rana ɗaya, yana iya kisa. A hankali za mu sauko."

Mama ta ce, "Ke nan bangaskiyata ce ta kasa?"

Ya ce, "Wannan tsakaninki da Allah ne. Nawa dai, ki dawo duk ranar da na sa miki."

Saukowar ba daɗi. Duk sa'ad da ya rage mata, sai ciwon kai da faɗa. Har marina ta taɓa yi, ta zauna tana kuka. Ni ce mai raba ƙwayar da reza, a kan layin da ke tsakiyarta. Yanzu muna kan rabi. Ba mu gama ba tukuna.

Amma jiya ina wanke kayan makaranta na ji muryar Mama tana tankaɗe da rariya, tana rera waƙa ƙasa-ƙasa, ta manta rabin baitin. Godiya ga Yesu!

Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. Mai shan irin wannan magani kuma, kada ya zubar. Ya yi addu'a, ya koma wurin likita.