Gurbin Diddigen Mama

Mai girma shugaban Ƙungiyar Masu Tsofaffin Motoci ta wannan yanki na Kentucky, Mista Hollis Renfro. Alƙalan gasa da suka wuni a durƙushe suna leƙen ƙasan motocinmu. Dattawan da suka koya mana riƙon sifana. 'Yan'uwa maza da mata, har da waɗanda gasasshen nama ne kawai ya kawo su, ina yi muku barka da yamma.

Sunana Lavonne Tackett, mai walda, 'yar Orville Tackett, wancan dattijon mai baƙin tabarau da ke zaune a layin gaba. Na gode wa ƙungiya da wannan kofi da ta bai wa motarmu, na gode wa alƙalai da suka yaba aikin, na kuma gode wa abokin aikina Delbert, wanda ya sha faɗana fiye da yadda ya sha shayi. An ce in faɗi yadda muka yi aikin. Zan faɗa, amma ku sani akwai roƙo a ƙarshe, kuma saboda roƙon na hau wannan dandamali.

Da farko, ga waɗanda ba 'yan sana'a ba. Motar Baba ƙirar 1968 ce, irin waɗanda aka ƙera ba tare da shasi na daban ba: bodin shi ne ƙashin, ƙashin shi ne bodin. Idan tsatsa ta ci daɓen irin wannan mota, ta ci ƙarfinta ke nan gaba ɗaya. Tamu ta kai ga idan aka ɗaga ta da jak, ƙofa ba ta rufuwa. Na san a cikinku akwai masu cewa duk wanda ya sa wa tsohuwar mota sabon shasi ya ci amanarta. Mista Hollis ya faɗa mini haka a gaban jama'a, ya ce, "Lavonne, wallahi da in ga wannan ta'asa gara in ga an binne ta." Na ce, "To ranka ya daɗe, kawo shebur, don saura kaɗan ta binne kanta."

Na biyu, yadda aka yi. Kafin mu taɓa komai sai da muka daidaita ƙofofi, muka yi wa bodin tokara da ƙarafa ta ciki, daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, domin da zarar an yanke daɓe ba tokara, motar za ta murɗe, kuma har abada ba za ta koma daidai ba. Sannan muka yanke daɓen kaf. Muka ɗaga bodin, muka turo sabon shasi a ƙarƙashinsa, muka sauke a hankali, muka auna, muka sake ɗagawa, muka sake aunawa, har Delbert ya ce shi kam ko aurensa bai yi wa wannan dogon nazari ba. Muka shimfiɗa sabon daɓe sumul, ba lotsawa ko ta ƙwayar wake. Tsofaffin ƙarafan kuwa, muka yi da su yadda kowa a nan yake yi: muka jibge a bayan gareji, duk mai buƙatar abin faci ya zo ya ɗauka ba sai ya tambaya ba. Al'ada ce mai kyau, ni ma na ci moriyarta.

Na uku shi ne abin da ya fi mini nauyi. Da yawanku kun san mahaifiyata Jewell, Allah Ya ji ƙanta. Mama ba ta taɓa tuƙi ba, amma ba a taɓa yin mai taka birki kamarta ba. Tun muna ƙanana har suka tsufa, duk kwanar da Baba zai sha, sai ta danna ƙafar dama a daɓe iya ƙarfinta, ta ce, "Orville, yara muka bari a gida!" Shi kuma ya ce, "Taka da kyau, Jewell, naki birkin ya fi nawa ci." Mun girma, mun yi aure, mun watse, ba ta daina cewa an bar yara a gida ba. Ina kewar wannan faɗan nasu. Ina kewarsa ƙwarai.

Ciwon suga ya tafi da idanun Baba bayan rasuwarta, don haka ranar da muka gama aiki ni na riƙe sitiyari, shi kuma ya zauna a kujerar da bai taɓa zama ba, kujerar Mama. Motar ta tafi lafiya lau, ba ƙara, ba karkata, ina ta baza kunne in ji yabo. Sai na ga ya cire takalminsa, yana shafa daɓe da ƙafa, ya kai gaba, ya dawo, ya sake kaiwa. Can ya ce, "'Yar nan, ina gurbin?" Na ce, "Wane gurbi, Baba?" Ya ce, "Na diddigen uwarki. Duk sanda na canza kafet sai na sa hannu a ciki. Na ce yau dai zan sa ƙafata." Sannan ya ce, "Mota ta yi kyau. Mai da ni gida."

Jama'a, mun auna kowane lungu na wannan mota, mun tokare duk abin da muke tsoron ya gota, amma abu ɗaya da mai motar yake so a cikinta, mun ɗauke shi lotsawa ce da ke neman gyara. Ko da na ruga bayan gareji, an riga an kwashe.

To ga roƙona. Wani a cikinku, ko wani da kuka sani, ya ɗauki guntun daɓe na gefen fasinja, inda ƙarfen ya tashi zuwa wajen injin, mai ɗan kwarmi kamar cikin ludayi. Bai yi laifi ba, al'adarmu ya bi. Idan yana ajiye, don Allah kada a sa masa guduma, kada a miƙar da shi, a kawo mini in mayar da shi inda yake, ko da alƙalai za su karɓe kofinsu. Idan kuwa an riga an yi waldarsa a wata mota, kada a yanke. A kawo motar ƙofar gidanmu kawai, a bar Baba ya zauna a gefen fasinja, a sha kwana ɗaya da shi. Likita ya ce Baba ba shi da sauran lokaci mai tsawo, shi ya sa nake roƙo a gaban kowa.

Allah Ya albarkaci wannan taro, Ya ƙara wa dattawanmu lafiya, Ya ji ƙan waɗanda suka bar mana kujerunsu, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Ku tuƙa a hankali, yara kuka bari a gida.

Na gode.