Hauyar Ɗanmusa da Dalilin Rufe Maƙera

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta.

Maigari, Allah shi ja zamaninka. Malam Liman, Allah shi gafarta malam. Sarkin Noma, wanda Allah ya ba hutun da bai roƙa ba. Sarkin Fawa, wanda ya wayi gari kowa ya zama mahauci, aka bar shi da rawani. Dattawan gari, baƙinmu na Kurawa da Tsamaye, iyayenmu mata da ke saurare ta bayan darni, jama'a babba da yaro, assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai magana da ku shi ne Na'Allah, Sarkin Maƙeran wanga gari, ɗan maƙeri jikan maƙeri, wanda kakanninsa suka yi ƙira tun Alkalawa tana da ganuwa. Kada ku dubi siririn wuyan da muryar ke fitowa. Jiki ya hana ni zuwa, sai na ari bakin yarona Jibrilla mai zuga, tunda baki ne kaɗai abin da Allah ya hore masa da yawa. Duk inda ya ce "ni", to ni ne, ba shi ba.

Ina gode wa Maigari da ya tara mu a kan ƙarar da aka kai gabansa, cewa an rufe maƙera, an ƙi ƙera wa jama'a wuƙa. Ina gode wa masu ƙarar su ma, domin sun yi ta da rana, ba su zo sun ɓalle mini ƙofa ba.

Magana ta farko, ban ce ba ku da gaskiya ba. Damina ta wuce mu, ta bayanta ma ta wuce mu. Gulbi ya zama hanyar jakuna. Saniya tana tafiya sai ta durƙusa, in babu wuƙa a kusa ta zama mushe, mai ita ya rasa nono, ya rasa nama, ya rasa ko fatar kirki. Don haka kowa na son wuƙa a ƙugunsa. Ƙarfe kuwa ya daina zuwa, fataken da ke kawo mana tsofaffin ƙarafan mota yanzu jar dawa suke bi. Ƙarfen da ya rage a gidan talaka ɗaya ne, hauyarsa. Ita kuke kawowa a mai da muku wuƙa.

Magana ta biyu ita ce labarin wuƙar da aka fara yi da hauya a garin nan, kuma ita ce wuƙar farko da Jibrilla ya taɓa ƙerawa.

Kun san Ɗanmusa, mai gona a gefen fadama, mijin Saude. Bara, ana gab da faɗuwar damina, ya shigo maƙera da hantsi, hauya a kafaɗa, yana haki. Ya ce, "Sarki, san nan nawa ya kwanta, ya ƙi tashi. Mai da mini wagga wuƙa kafin rai shi fita."

Na ce, "Ina wuƙarka?"

Ya ce, "Ta tafi kasuwar Isa, ita da tabarma da butar alwala."

Na ce, "To da mi za ka yi noma?"

Ya dubi sama, ya dube ni. Ya ce, "Noman mi, Sarki?"

Aka cire ƙota, aka sa ƙarfe a wuta, Jibrilla na zuga. Da ya yi ja na ɗaga masaba zan buga, sai hannu ya ƙi. Wanda ya kwana a kan tafasasshen ganye ba ya sarrafa ƙarfe. Na dubi yaron nan, wanda bai taɓa ƙera ko allura ba, wanda sana'arsa a garin nan ita ce ɗaure wa ladan takalmi da kwaikwayon tafiyar Sarkin Fawa, na ce, "Karɓi."

Jama'a, ba a taɓa wahalar da ƙarfe kamar yadda aka wahalar da shi ranar nan ba. Ya buga inda ba a bugu, ya bar inda ake bugu. Awartaki ya kuɓuce masa, ƙarfe ya faɗi a toka, aka tono shi aka mayar wuta. Hannuna ya yi bororo, wato hannun Jibrilla, ya fashe yana ruwa. Ɗanmusa na tsaye a ƙofa yana cewa, "Yi da jiki, ɗana, numfashi ɗai ya rage mai." Da aka zo tsoma ta a ruwa domin bakinta ya yi ƙarfi, sai aka iske kasko a bushe. Ɗanmusa ya kwance goran da ke rataye a wuyansa, ruwan shansa na yinin nan, ya juye. Da ƙarfen ya yi ƙara, tururi ya tashi, sai ya kau da kai.

Wuƙa ta fito da doro, gaba ya karkata gabas, gindi ya nufi arewa. Amma da aka wasa ta a dutse ta ci. Aka yi gudu aka iske san da sauran rai, aka ambaci sunan Allah aka yanka. Saude ta aika wa maƙwabta da ɗan abin da aka samu a jikin ƙashi. Jibrilla kuwa ya cika gari da cewa an yi sabon Sarkin Maƙera, tsoho ya tafi ya huta. Ranar nan ya yi farin ciki, kada ya musa.

Ba a jima ba Allah ya sauko da ruwan nan guda da kuka sani. Kowa ya fita shuka, mai iri da mai aron iri. Gero ya tsiro, ciyawa ta tsiro tare da shi. Sai ga Ɗanmusa a ƙofar maƙera, wuƙa a hannu. Bai ko dube ni ba, ya ce, "Jibrilla, kai ka yi ta. Mai da mini hauyata."

Yaro ya karɓi wuƙar ya jujjuya ta. Rabin ƙarfen ya zube a ƙasa wajen bugu, wani wuta ta cinye, wani dutse ya cinye. Abin da ya rage bai kai faɗin yatsu uku ba. Ɗanmusa ya je aro, masu hauya na aiki da tasu, sauran kuwa sun riga sun bi sawunsa sun mai da tasu wuƙa. Da idona na ga Ɗanmusa, magidanci mai furfura, a durƙushe cikin gonarsa yana rarrafe, yana tonon ciyawa da wuƙa mai doro, Saude na binsa tana cira da hannu.

Ba za ni yi muku ƙarya ba, ruwa bai sake zuwa ba. Shuka ta ƙone, ta mai hauya da ta marar hauya. Sai dai mai hauya ya rataye ta a gindin rumbu, ya zauna jiran baɗi, ga ku nan zaune. Ɗanmusa kuwa ya ɗaura kaya, ya sa iyalinsa gaba ya yi kudu. Jibrilla ya raka shi har bakin hanya yana ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba ka da laifi, ɗana. Amma ko an yi ruwa, mi za ni dawo in ɗauka?" Har yau babu wanda ya ji ɗuriyarsu. Ku ƙirga gidajen da aka toshe ƙofarsu da ƙaya, ku tuna wa ya kawo hauya maƙera. Za ku iske su ne.

Magana ta uku roƙo ne. Wuƙaƙen da ke garin nan sun isa yanka abin da ya rage na dabbobi. A aje wasu wurin Sarkin Fawa, wasu a rijiya, wasu a mashigar daji. Wanda dabbarsa ta faɗi ya yi kira, Jibrilla zai kawo wuƙa da gudu, ya wasa ta kyauta. Amma ku bar hauya a gida. Ku bar ta ko da tsatsa na cinta. Ku bar ta domin ɗiyanku su ga uba bai yanke ƙauna ba.

Allah shi dube mu da idon rahama, shi jiƙa ƙasarmu, shi raya abin da ya rage a garke. Allah shi tsare waɗanda suka fita, shi nuna musu hanyar gida. Allah shi ƙara wa Maigari haƙuri, domin yanzu zai buƙace shi.

Ranka ya daɗe, Baba Na'Allah bai aiko ni ba. Tun da ya kwanta bai san safe ba, bai san maraice ba, bai san an rufe maƙera ba, balle ya tsara jawabi. Ni Jibrilla na rufe ta na ce umarninsa ne, ni kuma na shirya duk abin da kuka ji. In bulala ce, ga bayana. Amma masabar na binne ta, kuma ba ni faɗin wurin sai ranar da aka yi ruwan shuka.

Na gode.