Rufin da Ya Ɓace

A ɗakin jiran likitan haƙori, wani dattijo da ya dafe kunci ya leƙa kwamfutar matashin da ke gefensa.

"Wasan ginin nan ne? Shi ya sa jikata kuka jiya."

"Me ya same ta, Baba?"

"Wata biyu tana gina gida. Wasan da dutse da katako kawai ya zo, sai ta ɗauko rufin kwano da wani ya ƙirƙira ya sa a intanet. Ana sabunta wasan, rufi ya ɓace. Wai mai shi ya daina gyarawa. Me ya hana masu wasan su sa rufi tun farko?"

"In suka sa, gobe wani ya ce awaki yake so, wani jirgi. Shi ya sa suka bar shi a buɗe, kowa ya ƙara nasa."

"Shekarata arba'in ina gini, ban taɓa miƙa gida ba rufi na ce maƙwabta su ƙarasa ba. Wanda ya fara abu ya gudu ba shi da kirki."

"Ba gudu ba ne, Baba, gajiya ce. Ni ma na ƙirƙiri tagogi na wasan nan, shekara uku ina gyara su kyauta. Ba wanda ya taɓa ce min sannu, sai zagi ranar da suka lalace."

"Yanzu wa ke gyara su?"

"Ba kowa."

Dattijon ya sauya hannu a kuncinsa.

"Sannu," in ji shi. "To, ka iya rufi?"