Yadda Na Daina Jiran Mutuwar Inna Saratu

Iyayena da ƴan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tara mu a nan da rai da lafiya.

Sunana Rahila. Ni ce nake riƙe da takardun kwamitin taimako na ikilisiyarmu a nan Tawa. Da Fasto ya ce in ba da shaida, na ce masa ban san ta inda zan fara ba, domin ciwon da Ubangiji ya warkar mini likita bai san sunansa ba. Har yau ma akwai abin da ban gane ba a cikinsa. Amma zan faɗa muku yadda ya faru.

Kun tuna shekarar da ruwa ya ƙi, aka yi shuka sau biyu tana ƙonewa a ƙasa. Mutane suka yi ta sauko mana daga Takanamat da Afala da can arewa da su, wani da jaki ɗaya, wata da tabarma da goyo kawai. Suka kafa bukkoki a bakin gari. Kwamitinmu yana dama kunu kowace safiya saboda mata da ƙananan yara. Hatsin taimako a kamiyo, wato babbar motar kaya, yake zuwa. Wani mako ya iso, wani mako sojoji su wuce da shi garin da ya fi mu yunwa.

Ni a lokacin ban daɗe da gama lakwal, wato makarantar boko, ba. Yarinya ce mai yawan shiru. Ina rubuta waƙoƙi a bayan littafi, ina iya tsayawa in yi ta kallon gajimare ɗaya har ya watse. Ban taɓa zaton akwai mugunta a cikina ba.

Shugaban kwamitinmu, Mushe Daniyel (Mushe shi ne Malam a Faransancin bakinmu), ya dawo daga wani horo a Yamai, ya tara mu. Ya ce taimakon waje wata rana zai tsaya, aikin da ake so ya daɗe kuwa sai da saiwa a gida. Ya ce a wasu ƙasashe tsofaffi sukan bar wasiyya, gida ko gona, saboda aikin Allah ya ci gaba bayansu. Amma ba a faɗa wa mutum haka kai tsaye. Sai an riƙa ziyartarsa, a zauna da shi, a saurare shi, a saba, sannan in lokaci ya yi a kawo takarda. Ina shaida muku da zuciya ɗaya ya faɗi haka. Mutum ne da yunwar yaran nan ta hana shi sukuni.

Dukanmu mun san wadda yake nufi. Inna Saratu, gwauruwa, ba ɗa ba jika a raye. Tana da garka a gefen tabki, da rijiyar da marigayi mijinta ya gina da hannunsa, rijiyar da ba ta taɓa ƙafewa ba. A shekarar da duk ƙasarmu ta Adar ta zama toka, garkar nan kaɗai ce kore. Da tana hannun kwamiti, da albasa da kabewa da zogale sun shiga tukunyarmu.

Mushe ya dube ni ya ce, "Rahila, ke za ki je. Kina da hankali, tsofaffi na son ki. Kada ki yi maganar garka. Ki dai riƙa zuwa kina gaishe ta."

Na ce, "Mushe, gaisuwa ce ko aiki?"

Ya ce, "Duka biyu."

Daga nan ruɗewata ta fara.

Ranar wata Talata na je. Na tarar da ita a bakin rijiya, ƴar tsohuwa ƙarama, zaninta a ɗaure tamau. Ta kare ido da hannu ta ce, "Ɗiyar wa ce wagga mai tahiya kamar tana tausayin ƙasa? Mi ya kawo ki?"

Na durƙusa na ce, "Gaisuwa, Inna."

Ta ce, "To na amsa. Riƙe igiyar ga, ja mini guga."

Haka na zama mai zuwa kowace Talata. Ta koya mini dashen albasa, da yadda ake buɗe wa ruwa hanya da ƙafa daga fangali zuwa fangali. Ba ta kirana da sunana, sai ƴar lakwal. Wata rana na karanta mata waƙar da na rubuta wa ruwan sama. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ke, ruwa kike kira ko saurayi?" Muka yi dariya har na zauna a cikin laka.

Ƴan'uwa, na ƙaunace ta. Wannan gaskiya ne. Amma kowace Laraba in na shiga biro, ofishin kwamiti, Mushe yakan tambaye ni, "Yaya jikin Inna?" Sai in rasa wace amsa ce mai daɗi a cikin amsoshin.

Da sanyi ya shigo, tari ya kama ta. A daidai lokacin kamiyon hatsi ya yi mako biyu bai zo ba. Muka tsinka kunu har ya zama kamar ruwan wanke ƙwarya. Wata safiya wata mata ta miƙo mini ɗiyarta, gashin kan yarinyar ya yi ja, wuyanta ba ya iya riƙe kai. Miƙo ta kawai ta yi. Daga nan na wuce garka. Na tarar da Inna tana tari ta dafe ƙirji. Sai na ji wata murya a cikina ta ce, ba za ta kai damina ba.

Kuma na ji sanyi a raina.

Wayyo Ubangiji! Ni da take ajiye wa tumatir mafi ja a ƙarƙashin faifai! Na ji tarinta, na ji daɗi. Ɗan lokaci ne kamar ƙiftawar ido, amma na ji shi, kuma na san na ji shi.

Tun daga ranar abinci ya daina shiga. Addu'a ma ta gagare ni. In na ce, Ubangiji ka ba Inna lafiya, sai yarinyar nan mai jan gashi ta tsaya a gabana. In na ce, Ubangiji ka ciyar da yaran nan, sai in ji kamar kabari nake haƙa wa tsohuwa da bakina. Wacce ce addu'ar gaskiya? Wace ce Rahila ta gaskiya, mai jan guga ko mai sauraron tari? Na rame har zobe ya faɗi daga yatsana. Mahaifiyata ta kai ni likita, aka duba aka ce ba a ga komai ba. Gwaggona ta ce iska ce ta bakin tabki.

Cikin wannan hali Mushe ya ba ni takardar wasiyya, an buga ta tsaf, saura wurin dangwala yatsa. Ya ce, "Lokaci ya yi, Rahila. Ki lallaɓa." Na sa ta a jaka. Talata biyu ban je garka ba.

A Talata ta uku na fito da niyyar zuwa, amma ƙafata ta kawo ni nan majami'a. Tsakar rana ce, ba kowa, sai kurciya a kan kwano. Na durƙusa a bayan bencin can na ƙarshe. Ban iya tsara magana ba, ni mai tsara waƙa. Abin da na iya cewa shi ne, "Yesu, zuciyata biyu ce, ban san wacce ce tawa ba. Ka ɗauke ɗaya, ko ka ɗauke ni."

Ban ga haske ba. Ban ji murya daga sama ba. Abu ɗaya ne kawai ya zauna mini a ƙirji kamar dutse: tashi ki je ki faɗa mata. Na ce, Ubangiji, komai ban da wannan. Na yi kuka, na yi gardama. Dutsen bai motsa ba. Sai na tashi.

Na same ta kwance a rumfa. Ta ce, "A'a, ƴar lakwal! Na ce ko an yi miki miji ba a gaya mini ba."

Na fito da takardar na ajiye a gabanta. Na faɗa mata komai, tun daga taron kwamiti. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Ta ce, "Tun ran hwarko na sani. Yarinya mai taushin hannu irin naki ba ta zuwa gaida tsohuwa haka kawai."

Na ce, "To Inna, me ya hana ki kore ni?"

Ta ce, "In kore ki in yi hira da wa? Da kabewa?"

Da na tsaya a nan, da na fita da sauran mutuncina. Amma dutsen yana nan. Sai na faɗa mata ɗayan, na ranar tari. Na ce, "Inna, na ji daɗi."

Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta juya fuskarta wajen darni.

Can ta ce, "Wanga kam ya yi mini zahi, ɗiyata." Sannan ta ce, "Amma da bakinki na ji, ba a bakin wani ba. Na yahe miki. Share majinar ki tashe ni zaune."

Na tashe ta. Ta ɗauki takardar ta jujjuya, ta ce, "Wai wa ya gaya ma Daniyel garkar ga tawa ce?"

Na ce, "Ba taki ba ce?"

Ta ce, "Aro ce." Ashe tun suna da ƙuruciya mijinta ya gina wa mahaifin Alhaji Mamman, mai shagon yadi a kasuwa, rijiya a garinsu wajen Barmu, ya ƙi karɓar lada saboda abota. Shi kuma dattijon ya ba shi aron wannan fili a gaban shaidu, ba takarda, ya ce su ci amfaninsa, shi da matarsa, iya rayuwarsu. Ta ce, "Ran da aka sa ni ƙasa, ran nan garka ta koma gidansu. Duk wani tsoho a garin ga ya sani. Ku dai masu takarda ba ku tambaya."

Na zauna daɓas. Watanni ina jiran mutuwar da za ta raba mu da garkar gaba ɗaya! Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, sai na yi duka biyun.

Ta ce, "Rabin hilin ga kwance yake don ba ni da ƙarhi. Da kun zo kun ce, Inna, yara na jin yunwa, da tuni an dasa. Amma a hwara gaya ma mai ƙasa."

Washegari muka ɗora ta a amalanke zuwa gidan Alhaji Mamman. Ya sauko daga kujerarsa ya zauna a tabarma saboda ita. Da ya ji bayani ya ce, "Inna, alkawarin mahaifina alkawarina ne. Muddin kina da rai, ki sa wanda kika ga dama ya noma. Bayan haka kuwa ba ni kaɗai ba ne, akwai ƙannena, ba zan yi alkawari da abin da ba nawa ni ɗaya ba." Ya kuma aiko mana da irin albasa da sababbin igiyoyi. Allah ya saka masa da alheri.

Da na ba Mushe Daniyel labari, ya cire tabarau ya riƙe kai. Da kansa ya je ya durƙusa ya nemi gafararta. Ta ce masa, "To Daniyel, yanzu sai ku duƙuhwa roƙon Allah ya ja kwanana."

Haka kuwa aka yi! Matan bakin gari suka shiga garka, kafin zafi ya yi ƙarfi ganye ya shiga tukunya. Aka kai Inna likita, tari ya tafi. Kwamitin da ya shirya takardar bayan ranta ya koma buɗe kowane taro da addu'ar tsawon ranta.

A nan ma na sake ruɗewa, ba zan ɓoye muku ba. Na ce, to wannan addu'ar fa, ba don garka ba ce ita ma? Da muna jiran ta tafi saboda albasa, yanzu muna so ta zauna saboda albasa, ina bambancin? Na kai wannan ma gaban Yesu. Bai ba ni amsar da zan iya rubutawa ba. Abincina dai ya dawo, bakina ya buɗe.

Har yanzu kwamiti na aika ni wurin tsofaffi, don aikin nan yana bukatar abin da zai rage bayanmu. Amma yanzu tun daga bakin ƙofa nake faɗin abin da ya kawo ni, in kuma tambayi abin da ban sani ba. Wani dattijo ya ce mini a'a, har yau ina zuwa muna hira. Wata ta ce in dawo idan ƴaƴanta suna nan, a yi maganar a gabansu.

Damina uku ke nan. Ga Inna Saratu can zaune a layin mata, tana hararata don na daɗe a tsaye. Abin da zai faru da garka bayanta, ban sani ba. Mushe bai sani ba, Alhaji ma bai sani ba.

Abin da na sani shi ne, da safen nan na roƙa mata tsawon rai, sannan na tsaya na duba cikin addu'ar da kyau, ina tsoro. Ban tarar da garka a ciki ba. Ita kaɗai na tarar.

Na gode wa Yesu! Ɗan'uwa, ƴar'uwa, in akwai abin da kike jin kunyar ko ke kanki ki kalla a cikin zuciyarki, kada ki jira sai kin gane shi. Ni ban gane nawa ba na kai masa, ya kuma karɓa. Ku dogara gare shi. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.