Harsashi Marar Albarushi

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban Ƙungiyar Maharba ta Kwarin Chacay, Don Abelardo Sifuentes. Mai girma shugabar masu gadin daji ta gundumarmu, Doña Zulema Arriagada. Fada Remigio na cocinmu, wanda ya ajiye hidimominsa ya zo ya sa mana albarka. Dattawan ƙungiya da suka riga mu sanin duwatsun nan. Masu gonaki da makiyayan da suke buɗe mana ƙofofin shingensu kowace kaka. 'Yan jagora da masu dawakai. Maza da mata, waɗanda jawabi ya kawo da waɗanda ƙanshin gashi ya kawo: ina gaishe ku baki ɗaya, gaisuwa ta girmamawa. Barkanmu da ganin ƙarshen farautar bana lafiya.

Godiya ta farko ga Ubangiji take, domin duk wanda ya hau dutse bana da ƙafarsa ya sauko, ba wanda aka sauko da shi a kwance bisa doki. Godiya ta biyu ga masu gadin daji, waɗanda suke tsare mu a hanya suna bincika mana jaka har ranmu ya ɓaci, alhali da ba su yi haka ba, da yanzu babu barewa ko ɗaya da ta rage a tsaunukan nan. Godiya ta uku ga iyalanmu, da suke haƙuri da mu wata biyu cur, tun daga ranar da kishimi ya fara ruri har ranar da ya yi shiru.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Herminia Quilodrán. Shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da filin gwajin bindiga na wannan ƙungiya, kuma rabin harsasan da ake harbawa a kwarin nan a teburina aka haɗa su. Shugaba ya ce in tashi yau in raba gardamar da ta hana mu cin abinci cikin natsuwa shekara da shekaru: idan mutum zai harbi kishimi daga nesa, a cikin manyan harsasan nan da ake kira magnum, wane ne ya fi? Mai lamba bakwai ne, ko ɗari uku, ko kuwa ɗari uku da talatin da takwas, wanda muke kira Ƙato? Na ce to. Magana huɗu gare ni, ku ba ni aron kunnuwanku.

Magana ta farko ita ce abin da ke rubuce a takarda, kuma ba zan daɗe a kanta ba. Bakwai yana tafiya a miƙe, shurinsa a kafaɗa da sauƙi. Ɗari uku ya fi shi nauyi, ya fi shi ƙarfin duka, kuma mai harba shi yana jin haka a jikinsa. Shi kuwa Ƙato, don dabbobin da suka fi duk abin da ke yawo a duwatsunmu girma aka yi shi, shurinsa kamar na alfadari. Dukansu ukun, in sun shiga bayan kafaɗar kishimi, ya faɗi. Dukansu ukun, in sun shiga tumbi ko cinya, ya tafi da su, kai kuma ka koma gida da baƙin ciki. Wannan kowa ya sani, har masu gardamar ma sun sani.

Magana ta biyu ita ce dokarmu. Duk wanda ya ji wa kishimi rauni ya ɓace masa har sau uku, an share sunansa daga ƙungiya, ba zai sake hawa dutsen nan da bindiga ba. Ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu ranar da aka kafa ta, kuma gobe ma in aka sake, zan ɗaga, domin na taɓa tsintar kishimi kwana shida bayan an fasa masa ciki, yana numfashi tsutsa na cin sa. Amma ranar da na ɗaga hannun nan, ban taɓa kawowa a raina cewa dokar za ta zo ta tsaya a ƙofar gidanmu ba.

Ga yayana Eleuterio can zaune kusa da wuta, yana yi kamar ba da shi ake ba. Na nemi izininsa kafin in tashi. Ya ce, "Faɗi mana. Yaushe aka taɓa hana ki magana kika hanu?" Shi ya koya mini riƙe bindiga, shi ya koya wa da yawa daga cikinku. Shekara arba'in yana farauta bai taɓa barin dabba ta tafi da rauni ba. Sai bara waccan, da ɗari ukunsa a hannu, ya karya wa wani kishimi ƙafar gaba, muka bi jini kwana biyu, muka rasa. Ɗaya ke nan. Kowa ya kawo shawara, kuma shawarar duk iri ɗaya: harsashin ya yi kaɗan, a nemi babba. To ku shaida yau, a gaban Fada nake faɗa: ni ce na fi kowa matsa masa, ni ce na rubuta aka kawo masa Ƙato daga birni. Bara ya hau da shi, ya harbi wani a tumbi, muka rasa. Biyu ke nan, saura ɗaya.

Magana ta uku ita ce doguwar, kuma ita ce amsar tambayar shugaba. A watan Janairu, da tsakar zafi, Eleuterio ya zo filin gwaji, ya zauna a bencina. Can sai ya ce, "Herminia, ciwon Baba ne ya iso." Dattawan nan sun san mahaifinmu, sun san ciwon karkarwar da ya kama shi, har ya kai ba ya iya kai ƙoƙon shayinmu na mate bakinsa sai an riƙe masa. Da na ji kalmar nan, sai na zuba masa ido. Na ga ya zuba ruwan zafi a ƙoƙo ko ɗigo bai zube ba. Na ga ya ɗaure igiyar takalminsa tsaf. Da ya kwanta ya harba Ƙato kuwa, sai harsasan suka watse a gindin allon gwaji, wani hagu wani dama, kamar ba shi ba.

Kun san al'adarmu: ba wanda yake taɓa bindigar wani, balle ya ɗura masa. Ni da nake korar mutane daga filin nan a kan haka, ni na karya ta. Ina da wani harsashi da na haɗa don gwajin ma'auni, kwanso da kai duk daidai, amma babu albarushi, babu abin da zai tashi a cikinsa. Da ya tafi liƙa sabon allo, na zare na ukun da ke cikin bindigarsa na sa wannan. Akwai mutum biyu na ƙungiya a wurin, suna jiran layi.

Ya harba na farko, ƙasa ta amsa. Ya harba na biyu. Ya ja kunama a na uku, sai muka ji ƙas, shi ke nan. Amma abin da idona ya gani ba zan manta ba: idanunsa biyu a runtse gam, kafaɗarsa ta zaburo gaba, bakin bindiga ya duƙa ƙasa kusan taƙi guda, alhali babu abin da ya fita, babu abin da ya shure shi. Ɗaya daga cikin mutanen nan biyu ya yi dariya. Ba zan faɗi sunansa ba, yana nan, ya san kansa.

Yayana ya zare harsashin, ya girgiza shi kusa da kunne, ya ce, "Me kika sa mini?"

Na ce, "Wanda babu komai a ciki, Yaya. Hannunka lafiyarsa ƙalau. Kafaɗarka ce ta gaji da duka, take gudunsa tun kafin ya zo."

Ya ce, "Tsoro ke nan."

Na ce, "Ni ban ce tsoro ba."

Ya ce, "Da kin bar ni da ciwona, Herminia. Da ciwon ne, da ba a yi mini dariya ba."

Ya naɗe kayansa ya tafi. Ni ina murna kamar in yi rawa don ba ciwon Baba ba ne, shi kuwa ya ɗauke mini gaisuwa. Mako tara cur. A coci ya wuce ni kamar ginshiƙi, a kantin gari in na shigo ya fita. Na yi kuskure da na yi abin a gaban mutane, na sani, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai.

To jama'a, ku ji amsar. Kada ku tambaye ni wane harsashi ne ya fi nisa, kada ku tambaye ni wane ne ya fi ƙarfi, ku tambayi kafaɗarku wane ne take ɗauka ido a buɗe. Wannan abu ba ragwanta ba ne, ba tsufa ba ne, jiki ne yake kare kansa ba tare da ya nemi shawarar mai shi ba, kuma yana samun gwani kamar yadda yake samun sabon shiga. Duk lokacin da kuka yi kuskure kuka ƙara girman harsashi, ƙara wa ciwon abinci kuke yi. Don haka ina roƙon 'yan'uwana na kwamiti, daga baɗi, duk mai son hawa dutse ya fara biyowa ta wurina ya harba biyar, da saninsa cewa ɗaya a ciki fanko ne, ba kuma ɗan kallo ko ɗaya. Wanda bakin bindigarsa ya tsaya cik, ya riƙe abinsa, ko Ƙato ne. Wanda nasa ya duƙa, ya sauko mataki ɗaya, babu abin kunya a ciki. Na ga wasu suna kallon takalmansu, to ba da mutum ɗaya nake ba.

Magana ta huɗu, ta ƙarshe. A cikin makonnin nan na shiru, na ɗauki bindigata mai cin bakwai na kai wa matarsa, na ce ta ajiye bayan ƙofa, kada ta ce komai. Bai aiko da godiya ba, bai kuma mayar ba. Sai makiyaya suka fara gaya mini cewa kowace safiya suna jin harbi biyar a bayan garkensa. Da lokacin ruri ya zo, dokarmu ta ce mai kuskure biyu ba ya hawa sai da shaida daga kwamiti, kuma shi yake zaɓa. Don Abelardo ya kira ni ya nuna mini takardar, sunana ne a kai, da rubutun yayana. Wato in ya yi na uku, ni zan rubuta, ni zan sa hannu a kore shi.

Muka hau dawakai tun hantsi bai yi ba, awa uku muna tafiya. A saman Kwazazzabon Lenga muka ji rurin, muka daure dawakai muka leƙa. Ga shi can ƙetare, tsohon kishimi mai rassan ƙaho goma sha biyu, da matansa bakwai. Na auna da na'urar awon nisa, mita ɗari huɗu da casa'in, iska kuma tana kaɗowa daga yamma yadda ta saba. Na nuna masa lambar. Ya kwanta, ya sa ido a madubin bindiga, ya daɗe. Ni kuwa ina roƙon duk waliyyin da na san sunansa. Can sai na ga ya janye yatsansa, ya buɗe bindigar, ya nuna mini ƙasa da haɓarsa, wato mu ja ciki mu matsa kusa.

Mutum mai shekara sittin da shida ya ja ciki awa ɗaya da rabi a cikin ƙaya da tsakuwa, ina biye da shi, gwiwoyina suna jini. Sau biyu wata tsohuwar barewa ta ɗaga kai ta dubi wajenmu, muka manne da ƙasa kamar matattu. Da ta sansano mu, da duk sun tafi, da an ce Eleuterio ya ga kishimi ya kasa harbi. Ya san haka sarai, bai kuma yi gaggawa ba. Sai da muka kai wani dutse, na auna, mita ɗari biyu da arba'in.

Ban kalli kishimin ba, fuskar yayana na kalla. Ya ja kunama, idonsa a buɗe. Da na ɗaga madubin hangen nesa, dabbar ta yi taku biyu ta durƙusa ta kwanta. Na ci gaba da kallo, ina jira ta tashi kamar na bara, kamar na bara waccan. Ba ta tashi ba. Wani nauyi da na ɗauka shekara biyu ya sauka daga ƙirjina, na zauna daɓas a kan tsakuwa, ni Herminia da ba a taɓa ganin hawayena a filin gwaji ba, na yi ta kuka kamar an yi mini mutuwa.

Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya shafa bindigar, bai ko dube ni ba, ya yi mini maganarsa ta farko cikin mako tara. Ya ce, "Ke, wannan abar taki ba zan mayar ba. In kin gama, kawo wuƙa."

Sunan Eleuterio Quilodrán yana nan a ƙungiyar nan, kuma baɗi, in da rai, da shi za a hau. Yaya, ga shugaba, ga Fada, ga jama'a shaida: na bar maka bindigar halak malak. Ka yafe mini dariyar da na jawo maka.

Ubangiji ya albarkaci wannan taro da duk wanda ya tako zuwa gare shi. Ya albarkaci duwatsunmu da dabbobin da ke cikinsu, ya sa su hayayyafa har jikokinmu su ji rurinsu. Ya tsare hannuwanmu daga azabtar da abin da ya halitta, ya ba mu haƙurin matsawa kusa, ya ba mu ƙarfin zuciyar fasa harbi in harbi bai kamata ba. Ya ji ƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya shirya tsakanin duk 'yan'uwan da ba sa ga-maciji a kwarin nan. Ya mai da kowa gidansa lafiya, ya sake tara mu baɗi ba wanda ya ragu.

Na gode.