Warƙoƙin Goni Modu: Kalmata a Kan Malam Kassim

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu.

Wakilin Mai Martaba Sarkin Damagaram, ranka ya daɗe. Wakilin magajin gari, limamai da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Baƙinmu ma'aikatan ɗakunan karatu da suka taso daga Kano da Njamena, sannunku da hanya. Hajiya Rakiya, uwar gida, da Alhaji Mahamud, ƙanen mamaci, da 'ya'yan mamacin, Idris da Aliya, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ni ne Ɗan Azumi, wanda kuke kira Mushe, wato malamin boko. Benci ɗaya muka zauna da Malam Kassim Modu a lakwal, makarantar boko, kuma tun lokacin muke musu. Yau ba ya nan balle ya katse ni, wannan kuwa shi ya fi ci mini rai.

Kun san al'adarmu. Littattafan kakanninmu ba ɗinki gare su ba, warƙoƙi ne a cikin gafaka. In malami ya rasu, sai magada su zauna, kowa ya ɗebi nasa don albarka. Wannan ya tafi da farko, wancan da tsakiya, ƙarshen ya bi wata 'ya gidan aurenta. Haka aka yi wa littafin kakansa, Goni Modu, wanda ya cika gefen shafukansa da sharhi da Barbarci. Kashi ɗaya ya bi ayari zuwa Kano, ɗaya ya tsallaka Njamena, ɗaya ya zauna nan Birni. Kassim ya tashi yana karanta jimlar da ba ta da ƙarshe.

Ya kasance mutum mai naci, har ya gundure ka. Da aka ba shi ƙaramin ɗakin karatun unguwarmu, sai ya dinga bin takwarorinsa na ƙetare har suka yarda da shiri ɗaya: kowa ya ɗauki hoton warƙoƙin garinsa, da ma'auni ɗaya da tsari ɗaya, a zuba a rumbu ɗaya a intanet. Na ce masa, “Kassim, kai da ko wayarka ba ka iya kashewa?” Ya ce, “Ɗan Azumi, kai dai riƙe mini fitila.” Da furfurarsa ya koyi ordinata, wato kwamfuta, da yatsa biyu.

Ya kasance mai riƙon amana. Gida gida ya bi, Zermu, Tirmini, Kara-Kara, yana roƙon a ba shi aron gafaka. Wasu suka ce sayar wa Turawa zai yi. Wasu suka rufe masa ƙofa. Bai taɓa barin warƙar mutum ta kwana a hannunsa ba. Ina nan ranar da wata tsohuwa daga Tirmini ta ga rabin littafin mahaifinta, wanda ke Kano, ya haɗu da nata a fuskar ordinata. Ta kai hannu ta shafa gilashin, ta ce, “Wallahi hannun Baba ne.”

Sai zamani ya juya. Masu tallafa wa aikin daga ƙetare suka tattara suka tafi, iyakoki suka rufe, rumbun nan na intanet aka kulle shi. Mu kuwa, jama'ar garin nan, me muka yi? Muka ce Allah ya kyauta, muka koma shan shayinmu. Ban cire kaina ba. A daminar nan ruwa ya rushe wani gida a Zermu, gafaka uku suka zama kunu. Abin da ya rage daga gare su, hoton da Kassim ya ɗauka ne kawai.

Ya kasance ba ya jiran kowa. Da rezon intanet ya gagara, sai ya zuba hotunan a faifai, ya sa a aljihun riga, ya shiga motar haya. Ya kai wa na Kano, su kuma su miƙa wa na Njamena, su ba shi nasu ya kawo mana. Dattijo mai hawan jini, a kan wannan hanya! A dawowarsa ta ƙarshe motar ta kife. Abokan aikinsa na Kano, ga su nan zaune, sun ce faifan ya isa hannunsu lafiya. Shi ne bai iso namu ba.

Yanzu ku saurare ni, iyalan gida. Kashin Kano na littafin Goni Modu an ɗauke shi a hoto. Na Njamena an ɗauke shi. Na uku, wanda ke cikin akwatin Kassim a ɗakinsa, ba a ɗauka ba. Kullum in na yi masa magana sai ya ce, “Na mutane tukuna, namu yana gida.” Ga shi ya tafi ya bar shi a gida.

Na ji an ce ranar Juma'a za a zauna rabon gado, kuma akwatin nan yana ciki. Alhaji Mahamud, ɗago ka dube ni. Ba haƙƙinku nake hana ku ba, Allah ne ya ba ku. Amma in kuka raba warƙoƙin nan kafin a ɗauke su, kun yi masa abin da ya kashe rayuwarsa yana gyarawa. Idris, Aliya, ku ne za ku buɗe baki. Hajiya, makullin yana hannunki. Baƙin nan gobe za su koma, kuma ban san ranar da hanya za ta sake barinsu su zo ba. Na'urar ɗaukar hoton tana zaure, ni na ɗauko ta. Ban iya ta ba, fitila kawai na iya riƙewa.

Na gode wa duk wanda ya taka ƙafa ya zo. Allah ya jiƙan Malam Kassim, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da Goni Modu a Aljanna. Allah ya raya abin da ya bari. Mu kuma Allah ya sa kada mu tashi daga wurin nan akwatin yana rufe. Amin.